Takardar Jarumi Ta Koma Cikin Kwamfuta

A cikin shekarar 1974 ne waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan nan mai suna Dungeons & Dragons. Wasa ne na ƙaga labari, wanda mutum huɗu ko biyar kan gewaye tebur su yi. Ɗayansu ke jan ragamar labarin, ya bayyana gari da daji da dodannin da ke ciki, sauran kuwa kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da zai aikata. In aka zo inda ake shakkar ko jarumi zai ci nasara, sai a jefa 'yar ƙwaya mai lambobi irin ta wasan lido, sai dai wadda aka fi jefawa fuska 20 gare ta.

Kowane jarumi yana da takardarsa, inda ake rubuta sunansa da sana'arsa da makamansa, da makin halaye 6, watau ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Bisa ƙa'idojin da aka buga a 2014, jarumin da ƙarfinsa ya kai 16 yana da ƙarin maki 3, sabon shiga kuma yana da ƙarin 2 na ƙwarewa. In ya kai sara da takobi ƙwaya ta nuna 12, ya sami 17 ke nan, abokin gāba mai kariyar 15 kuwa ya sha sara. To, amma matakan girma 20 ne, kuma duk sa'ad da jarumi ya hau wani, sai lambobi da yawa su sauya tare. Saboda haka fensir da magogi ba su rabuwa da mai wasa, har takarda takan huje don yawan guga.

Wannan wahala ce masu kwamfuta suka ɗauke wa jama'a. An buɗe Roll20 a 2012, D&D Beyond kuma a 2017. Mutum ya zaɓi abin da yake so, na'ura ta yi lissafi nan take, ba kuskure ba gardama. Baƙon da littafi mai shafi fiye da 300 zai firgita, sai ga shi ya haɗa jaruminsa kafin shayi ya huce. Lalle wannan ba ƙaramin alheri ba ne, musamman ga abokan da aiki ya raba su gari daban-daban, ko wanda ganinsa ya raunana. An ga amfanin haka a 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu.

Amma fa akwai abin dubawa. Wanda ya yi lissafin da hannunsa ya san inda kowace lamba ta fito, domin shi ya tara ta. Wanda na'ura ta miƙa wa lamba 5 kuwa, sau da yawa bai san cewa 3 da 2 ne suka haɗu ba, kuma ran da caji ya ƙare sai ya yi zuru, ya zama baƙo ga jarumin da ya shekara yana raino. Ga shi kuma waya ba ta da kunya: an buɗe ta don duba takarda, sai saƙo ya shigo, mai jan labari yana ta zuba, idanu suna wani wuri.

Babbar magana ita ce ta mallaka. Masu hikima sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan tun 1997, ya taɓa samar da irin wannan hidima mai suna D&D Insider, mutane suka yi ta biyan kuɗi, daga bisani aka rufe ta. A 2022 uwar kamfanin, watau Hasbro, ta sayi D&D Beyond a kan dala miliyan 146.3. Cikin watan Agusta na 2024 kuma aka ba da sanarwar cewa za a musanya bayanan sihiri na ƙa'idojin 2014 da sababbi a takardun jama'a. Masu wasa suka yi ca, har sai da kamfanin ya janye cikin 'yan kwanaki. Ko da yake an janye, darasin ya riga ya fito fili: takardar da ke ajiye a ɗakin wani, mai ɗakin na iya sauya ta.

Takardar fensir kuwa, da tabon shayinta da sunan abokin tafiyar da aka soke ran da ya faɗi a fagen fama, tana nan cikin akwati ko bayan shekara 40, ba mai neman izinin kowa kafin ya buɗe ta.

Ba a ce a yi watsi da na'ura ba. Abin da ya kamata shi ne mai wasa ya haɗa jaruminsa na farko da hannu, don ya san ƙa'ida, sa'an nan ya bar wa kwamfuta wahalar lissafi, ya kuma riƙa buga kwafe a takarda yana adanawa. Allah Ya sa a amfana.