Tsofaffin Motocin Singa da Igiyar da Ake Rainawa

Duk wanda ya shiga Kasuwar Singa da hantsi, abin da zai fara tarbarsa shi ne ƙurar fulawa da kiran 'yan dako masu neman hanya. Daga wannan kasuwa da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari ake rarraba sukari da shinkafa da taliya da man girki zuwa Haɗeja, Gumel, Daura, har Maraɗi. A bayan manyan tireloli kuwa, akwai wasu dattawan motoci da ke jiran lodi: a-kori-kura ƙirar Peugeot, wadda Kanawa ke kira Fijo, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975.

A Turai, irin waɗannan motoci kayan marmari ne, sai ranar baje koli ake fito da su. Dokar Ingila ba ta tilasta a saka bel a motar da tun asali aka ƙera ta babu shi, ko da yake ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 3 ba a cikinta. A Singa kuwa tsohuwar mota gona ce, kullum tana kan titi da kayan da suka fi ƙarfinta.

Na leƙa gaban wata daga cikinsu. Bel ɗin direba ya tsinke, an ƙulle shi da waya. Na gefensa babu ko alamarsa. Direban, dattijo mai fara'a, ya ce da ni: “Malam, ƙarfen da ne, ba irin gwangwanin yanzu ba.” Gaskiya ne ƙarfen yana da ƙwari, sai dai a nan kuskuren yake. Idan mota ta yi karo ta tsaya cak, jikin mutum ba ya tsayawa tare da ita. Sai ya ci gaba da gudu har ya haɗu da sitiyari ko gilashi. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Motar zamani an tsara gabanta ya lotse ya shanye bugun. Tsohuwa kuwa miƙa wa ƙirjin direba take yi.

Tun 1959 Nils Bohlin, injiniyan kamfanin Volvo, ya fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta amfani da shi a Janairun 2003. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar masu zama a gaba da kusan rabi. Duk da haka, yawancinmu sai mun hango jami'i muke rataya shi, mu kwance da zarar mun wuce.

Gyaran bai kai kuɗin taya guda ba. Ga Ƙofar Ruwa nan kusa, inda kayan mota suke jibge. A dai guji bel ɗin da aka ciro daga motar da ta taɓa yin hatsari, a kuma ɗaure shi a ƙarfe mai lafiya wanda tsatsa ba ta ci ba. Ɗan kasuwar da ba ya barin mota ta tashi sai an ɗaure buhunansa tamau, ya kamata ya tambaya ko an ɗaure wanda zai kai su.