Zare: ni na hana a yi wa Baba tiyatar hanta

1/ Yau shekara uku da rasuwar Baba. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, yau zan fitar da ita. Ni ne na hana a yi masa tiyata. Zaren yana da ɗan tsawo, ku daure ku karanta har ƙarshe.

2/ Olsa muka kai shi a duba. Aka yi sikanin, sai aka ga wani abu a hanta, aka tura mu CT. Ƙari ne guda ɗaya, santimita 4. Gwajin jini kuma ya nuna yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, Allah kaɗai ya san tun yaushe. A ƙasashenmu shi ne babban mai jawo kansar hanta.

3/ Likitan ya juya takarda ya zana mana hanta. Ya ce ƙarin yana gefe guda, sauran hantar da ƙwarinta, za a iya yanke wannan ɓangaren. Ya ce hanta tana sake tofowa: idan lafiyayya ce, ko an cire fiye da rabi, ragowar tana girma ta cike gurbin.

4/ A mota na ce, "Baba, daji ba ya son ƙarfe. Da an taɓa shi zai watsu." Ni ne ɗan bokon gidan, ni ke karanta musu takardun asibiti. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, kai ka yi karatu. Yadda ka gani."

5/ Wata takwas muka yi muna sassaƙe, jiƙe-jiƙe, da garin da ake zubawa a kunu. Baba yana ramewa, mai maganin yana cewa cutar ce ke fita. Wallahi na yarda, saboda abin da nake son ji ke nan.

6/ Ranar da muka koma asibiti idonsa ya yi ɗorawa, ciki ya tara ruwa. Ƙarin ya kai santimita 11, ya shiga babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta. Likitan bai yi mana faɗa ba. Da ya yi faɗan ma da na fi samun sauƙi.

7/ Na tsare shi da tambayoyi: yanzu me ya rage? Ya zauna ya lissafa min hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, da dalilin da ya sa kowacce ta rufe mana. Na rubuta su a waya, ga su.

8/ Tiyata. A yanke ɓangaren da ƙarin yake. Sharaɗinta ƙarin bai bazu ba, kuma hantar da za ta rage za ta iya riƙe mutum. Ana yi har ga ƙarin da ya taso daga kansar hanji ya sauka a hanta, in bai yi yawa ba. Mu wannan ta wuce mu.

9/ Ƙonawa da allura. Ba a buɗe ciki. Likita yana kallon sikanin, ya soka siririyar allura ta fata har tsakiyar ƙarin, zafi ya dafa shi a inda yake. Ta fi aiki ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. Namu 11.

10/ TACE. A shigar da siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa jijiyar da ke ciyar da ƙarin, a zuba maganin kansa, a toshe hanyar. Ba kasafai take warkarwa ba, tana rage shi ta sayi lokaci. Amma tana buƙatar hanta mai sauran ƙarfi, ta Baba kuwa ta gaji.

11/ Dashen hanta. Ƙa'idar da aka fi bi: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko uku da kowanne bai wuce 3 ba, kuma bai shiga jijiya ba. Ranar farko Baba yana cikin wannan ma'aunin. Na kalli lambar nan ta 4 a tsohuwar takarda, na fita waje na yi kuka.

12/ Sati bakwai ya ƙara. Maganin rage raɗaɗi kawai ake ba shi. Bai taɓa tayar min da maganar motar nan ba, ko sau ɗaya.

13/ Bayan sadakar arba'in Umma ta tasa mu gaba, duk gidan aka yi gwaji. Yaya babba yana da nau'in B. Aka ɗora shi kan ƙwayar tenofovir, aka ce duk wata shida ya zo sikanin da gwajin jinin AFP, ko yana jin garau.

14/ A zuwa na huɗu aka ga ɗigo, santimita 2. Ba ya jin ciwon komai, ranar ma daga kasuwa ya wuce asibitin. Wani kawunmu ya fara cewa, "Ai daji ba ya..." Na ce, "Kawu, don Allah ka yi haƙuri, wannan maganar na riga na biya kuɗinta."

15/ Muka sayar da filin da Baba ya bari, aka kai Yaya Masar aka ƙona ƙarin da allura. Kwana biyu aka sallame shi, da ɗan plasta a gefen ciki. Ban ce ya rabu da abin har abada ba, kansar hanta tana iya dawowa, shi ya sa har yau ba ya fashin sikanin. Amma jiya shi ya kai yaransa Islamiyya.

16/ Na daɗe ina tunanin inda karin maganar nan ya samo asali. Yawancinmu sai ciki ya kumbura muke zuwa asibiti. A taɓa mutum a makare, ya rasu, sai a ce wuƙa ce. A gidanmu dai ba wuƙar da ta taɓa Baba. Wata takwas ɗin nan ne suka cinye shi.

17/ Rigakafin nau'in B ya shiga jerin alluran yara a Najeriya a 2004. In an haife ka kafin nan, ko ba ka da tabbas, je ka yi gwaji. Jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna a zubar, gubarsu hanta take bugu.

18/ Na taɓa faɗa wa Umma cewa ni na jawo. Ta ce, "Kwana ya ƙare, ba kai ke rayawa ba. Amma kada ka ƙara yanke hukunci kan abin da ba ka sani ba." Duka biyun na riƙe.

19/ In likita ya ce maka naka ko na wani naka ƙarami ne, ana iya cirewa, nemi ra'ayin likita na biyu in kana shakka, cikin sati ɗaya ko biyu, ka dawo. Wanda ya karanta har nan, ya sa Baba a addu'a. Allah ya jiƙan iyayenmu.