Hoto Shaidar Zama Ne



Mu Hausawan Apo muna da wani hali. Duk wanda ka ji ya ce "gida", to Kano yake nufi, ko Katsina, ko Zamfara, ko can Maraɗi. Apo kuwa wurin nema ce kawai, ana zaune ne kamar gobe za a tashi. Ga shi kuwa a cikinmu akwai waɗanda suka haura shekara ashirin a nan, yaran da aka raɗa wa suna a layinmu yau su ne ke kawo katin ɗaurin aurensu. Amma ka tambayi mutum ya nuna maka yadda ƙofar gidansa take shekara goma da suka wuce, sai ya yi shiru. Babu abin nunawa. Wannan ne ya sa har yau ban ajiye kyamara ba, ko da yake kowa na da waya a aljihu.

Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, ɗinki nake yi. Wata tsohuwar Canon ce ta hannu na saya sama da shekara goma ke nan, don sha'awa. Tun ana ce mini "tela mai kyamara" har sunan ya koma "mai hoto", yara ma ba su san ni da wani suna ba. Ba na karɓar kuɗin aiki, sai dai kuɗin wankin hoto ga wanda yake so a fitar masa a takarda.

Abu na farko da unguwar nan ta koya mini shi ne rana tsaka ba ta ƙaunar mai hoto. Ɗaurin aurenmu kuwa yawanci bayan an sauko daga Juma'a ne, rana na bisa ka, kowa ya sha farar shadda. Ita kyamara in ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, riga ta fito tas, fuskar ango kuwa ta zama baƙi ƙirin, ga inuwar hula ta rufe ido. Maganin abin shi ne ka auna hasken a kan fuska, ka ja mutane zuwa inuwar rumfar masallaci ko gindin darbejiya, in ta kama ka kunna filasha ko da rana ce. Lokacin da hoto ya fi kyau shi ne da hantsi, da kuma bayan La'asar kafin Magariba. Da hunturu hazo na tausasa haske, amma ƙura na shiga gilashin kyamara, dole ka naɗe ta a tsumma. Da damina kuwa, in ruwa ya ɗauke, ka ɗaga kai ka dubi duwatsun Apo Dutse, ka ce an wanke su aka shafa musu kore.

A wurin taro kowa ango yake kallo, ko mai sauka da allonsa na zayyana. Ni nakan ɗauki wannan don shi aka kira ni, sannan in juya baya. Hoton da mutane suka fi riƙewa daga baya ba na jerin manyan baƙi ba ne. Na uban yaro ne yana share ido da bakin rawani lokacin da ɗansa ke karanta allon sauka, ko na malamin yana murmushi shi kaɗai a gefe, ko na yaran da suka yi shigar tashe bayan goma ga azumi, an manna wa ɗaya gemun auduga yana faman riƙe dariya. Irin wannan ba a ce wa mutum "tsaya in ɗauka". Jira ake yi, wani lokaci rabin awa don hoto guda.

Dabbobi su suka fi mutane koya mini haƙuri. In Babbar Sallah ta matso, raguna kan cika bakin titi, manyan kasuwanni irin Dei-Dei da Kugbo kuwa sai wanda ya gani. A nan na koyi bambanta su. Uda shi ne mai launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, kamar an raba shi da awo. Balami fari ne ƙato mai dogayen kunnuwa. Ɗan ƙasa kuma shi ne matsakaici mai ɗigon baƙi a ido da baki. Rago ba ya kyau in ka ɗauke shi a tsaye, sai ya fito ƙarami. Sai ka durƙusa idonka ya yi daidai da nasa, a nan ƙaho da wuya ke fitowa. Dillalai sun gane haka, yanzu su ke kirana: "Mai hoto, zo ka ɗaukar mini wannan, Alhaji na Maitama yana jira a WhatsApp." Wani dattijo mai raguna ya taɓa ce mini, "Ɗan nan, ka ɗauke shi yadda yake fa. Kada ka ƙara masa ƙiba, Alhaji ya zo ya ce na yaudare shi." Na ce, "Baba, ai kyamara ba ta ba da dusa." Muka yi dariya, amma maganarsa ta zauna mini. Hoto ma ana iya ha'inci da shi, kamar mudu.

Akwai hoton da nake ji da shi: garken fararen shanun Fulani na tsallaka titi da sassafe, balbela na bin su, bayansu ga benaye ana ginawa, ga motoci sun tsaya cirko-cirko. Wani zai ce abin haushi ne a babban birni. Ni abin da nake gani shi ne garin nan ƙarami ne a shekaru. A 1976 aka yi dokar kafa shi, sai ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas. Kafin nan gonaki ne da makiyaya da ƙauyukan 'yan'uwanmu Gbagyi. Unguwar Apo Resettlement ma ai don a tsugunar da mutanen tsohon garin Garki da maƙwabtansu aka yi ta. Ke nan ko 'yan ƙasa sun san ɗacin a ce maka ka tashi.

Yawon buɗe ido kuma yawanci da yaran Islamiyya nake zuwa, in malamai sun ɗauki bas bayan Sallah. Mun je gidan namun daji na Asokoro da ke gindin Dutsen Aso, mun je Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003. Mun je Madalla kallon Dutsen Zuma, inda yara suka yi ta ɗaga tsohuwar takardar naira ɗari ta 1999 suna gwada dutsen ciki da na gabansu. Yaron da aka haifa a Abuja, bai taɓa wuce Gudu ba, ranar ya san shi ma garin nasa ne. Sai dai ga mai sha'awar wannan harka, a kula: Abuja ba ko'ina ake ɗaga kyamara ba. Barikin soja, shingen bincike, manyan gine-ginen gwamnati, a bar su. In kana shakka, tambayi wanda ke gadin wurin, sallama ba ta taɓa rage wa kowa komai ba.

Tambayar izini ita ce rabin aikin. Akwai dattawan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, malamai kuma sun yi saɓani a kai. Ba aikina ba ne in yi musu gardama. Mutum ya ɗaga hannu, na sauke kyamara, shi ke nan. Cikin gida wurin mata ba na shiga. In Hajiya na son hoton suna, ƙanwata nake ba kyamarar ta shiga, abin da aka ɗauka kuma a hannun masu gida yake ƙarewa, ba a Facebook ba. Almajiri ma yana da mutunci. Kada ka ɗauke shi da kwano a hannu don ka samu masu yaba maka a intanet, alhali ko sunansa ba ka tambaya ba.

Akwai kuma ranar da ba a fita da kyamara sam. A Oktobar 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, rikici ya ɓarke a nan Apo, aka ƙona motoci da shaguna. Duk mun ga yadda hotuna suka yi ta yawo a waya, wasu na nan ne, wasu ba a san inda aka samo su ba, kowa na tura wa nasa da rubutun da zai tunzura shi. Abokai sun kira ni, "Kai da ke da kyamara me kake jira?" Na ce a yau hoto fetur ne. Mu da Inyamurai masu kayan gyaran mota kasuwa ɗaya muke ci, gobe ma dole mu haɗu a wurin mai shayi. Bayan ƙura ta lafa na fita na ɗauki masu share toka suna sake kafa rumfa, Bahaushe da Inyamuri na riƙe da katako ɗaya.

To me ya sa nake cewa hoto shaida ne? Saboda zamanmu a nan a rubuce yake da fensir. Makanikai da 'yan kasuwar gefen titi an daɗe ana maganar mayar da su Wasa. Mu kanmu mun sha ganin jan fenti a bango, bayan kwana kaɗan katafila ta iso. Akwai layin da na ɗauka lokacin wani Maulidi, da masallacinsa na kwano da mai ƙosai a kusurwa, yau ko tubali ɗaya babu. Bayan rusau ɗin mutane suka yi ta zuwa shagona, ba ɗinki suka kawo ba. Wannan na neman hoton da ƙofarsa ta fito a ciki, wancan na son 'ya'yansa su ga inda aka haife su.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani tsoho ne da ya zo daga ƙauye, ɗansa mai tuƙa Keke Napep ya rasu a hatsari. Ya ce, "Malam, an ce kai ke ɗaukar hoto. Ko kana da na yarona? Matarsa na da ciki, ina so abin da za a haifa ya san fuskar ubansa." Muka zauna muka yi ta bincike a kwamfuta har Allah ya sa muka gan shi a gefen wani hoton ɗaurin aure, yana dariya, ba ma shi aka nufa da ɗauka ba. Na yanko wurin na kai aka wanke. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe bai ce komai ba.

Ɗan ci-rani da ba shi da takarda, ba shi da hoto, in wani abu ya same shi kowane suna ana iya laƙaba masa. Ba mu manta da 20 ga Satumba 2013 ba, ranar da jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a nan Apo, mutum takwas suka rasa rayukansu, yawancinsu masu Keke Napep, aka ce 'yan Boko Haram ne. Sai a Afrilun 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce babu hujjar hakan, ta ba da umarnin a biya diyya. Allah ya jiƙansu. Abin da ya wanke su shi ne an samu waɗanda suka san su, suka tsaya suka faɗi ko su waye.

Saboda haka ga roƙona, musamman ga matasa. Wayoyinku sun fi tsohuwar kyamarata ƙarfi, amma hoton waya ba shi da tabbas: yau an sace ta, gobe ta faɗa ruwa, jibi mimori ya cika an goge. Ku rage ɗaukar kanku kaɗai. Ku ɗauki liman da ladan da izininsu, ku ɗauki mai shayi da teburinsa, da layinku daga farko har ƙarshe, da makarantar allo da daddare. Duk shekara ku zaɓi ko guda goma ne ku kai a wanke a takarda, ku rubuta a baya: wane ne, ina ne, wace rana. Hoton da babu suna, bayan shekara talatin baƙo ne ko a gidansu.

Ina kuma ba shugabanninmu shawara, Sarkin Hausawa da kwamitin masallaci, a samu albam guda na unguwa a ajiye wuri mai aminci, kowa ya kawo abin da yake da shi. Nawa a shirye suke, duk wanda yake tunanin shi ko wani nasa ya taɓa faɗowa cikin hotunana, ya biyo ta shago bayan La'asar mu duba tare.

Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu koma gida da alheri, waɗanda kuma nan ce ta zama gidansu, Allah ya tabbatar musu da ita. Amin.