Wa zai riƙe sunan kakanninmu?

Jama'a, rabon da a yi ƙidaya a Najeriya tun 2006, ta 2023 ma ɗage ta aka yi. Gardamarmu kullum wace jiha ta fi yawa, ni kuwa sunaye ne damuwata. A Amurka, baƙar fata mai neman asalinsa yakan bi takardun aure da na ƙidaya har 1870, sai sawu ya ɓace. A 1850 da 1860 shekarun bawa da jinsinsa da launinsa aka rubuta, ƙarƙashin sunan ubangidansa. Mu fa? Aurenmu waliyyi ne da shaidu, ba kasafai ake rubutawa ba. Don Allah in kakarka na raye, zauna da ita ka rubuta sunayen iyayenta da garinsu.