Watanni shida da jirgi ba ya tafiya

Wanda ya mayar da jirgin ruwa mai tafiya da iska gidansa a tekun Karibiyan, guguwa ce ke tsara masa shekara. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a tekun Atlantika, kuma kamfanonin inshora da dama ba sa yarda su ɗauki nauyin jirgin da ya zauna a kan hanyarta. Ni da mai ɗakina ba mu da wani gida sai wannan jirgi mai tsawon mita 11. Gadonmu, littattafanmu da abin da muka tara duk suna cikinsa. Saboda haka neman wurin fakewa a wurinmu daidai yake da neman inda za a adana dukiya.

Mafakar da muka zaɓa ita ce kogin Rio Dulse a ƙasar Gwatemala. Shigarsa ma sai da lissafi. A bakin kogin, gaban garin Libingiston, akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, inda zurfin bai kai mita 2 ba idan teku ta janye. Jirgin da gindinsa ya nutse sosai sai ya jira cikar teku ta sabon wata ko ta tsakiyarsa. In hakan bai wadatar ba, a ɗaura igiya a ƙololuwar sandarsa, wani kwale-kwale mai inji ya ja shi ya karkace, ya wuce a gicciye. Kallon gidanka a karkace, tukwane suna ƙara a ciki, abu ne da zuciya ba ta sabawa da shi.

Libingiston kanta babu titin mota da ya isa gare ta. Garin Garifuna ne, jikokin 'yan Afirka da 'yan asalin tsibirin San Binsent, waɗanda Turawan Ingila suka kora daga can a 1797. Daga nan kogin ya ratsa tsakanin duwatsu masu tsayi da daji ya lulluɓe, har ya kai ga tafkin Isabal, inda ganuwar San Felipe take tun ƙarni na 17, wadda Sifaniyawa suka gina don tare 'yan fashin teku.

Da an ɗaure jirgi, sai a tarar da zafi da danshi. Tufafi suna yin fumfuna a cikin akwati, ga tsawa kusan kowane dare. Wannan ne ke tura matuƙa zuwa tudu, kuma a ganina nan ne ribar tafiyar take. Mutumin da ya san ƙasa ta bakin tekunta kaɗai kamar baƙon da aka tsayar a zaure ne: ya ga masu shiga da fita, bai ga inda ake girki ba.

Mun hau mota zuwa Koban, a tsaunukan Alta Berapas, inda dare ke neman bargo. A can na fahimci kogin da muka baro. Mutanen Kekci da muke sayen kifi a wurinsu a bakin ruwa, asalinsu daga waɗannan tsaunuka ne. Da yawansu sun gangaro ne bayan da gonakin kofi, waɗanda Jamusawa suka mamaye a ƙarshen ƙarni na 19, suka cinye filayensu. Kofin kuwa ta kogin Polocik yake sauka zuwa tafkin Isabal, ya bi Rio Dulse zuwa Libingiston, daga nan sai Turai. Ashe hanyar da muka bi muna shigowa, buhunan kofi sun daɗe suna binta suna fita.

Yau abin da ke ƙamshi a rumbunan Koban shi ne kadamon, wanda Larabawa ke kira hel. Gwatemala na kan gaba a duniya wajen fitar da shi, alhali mutanenta ba su cika amfani da shi ba; kasuwarsa tana Gabas ta Tsakiya. Alhajin da aka miƙa wa gahawa a Makka, mai yiwuwa ƙamshin gonar wani manomin Kekci ya shaƙa.

Sai dai hankalin mai jirgi a rabe yake. A Antigwa, tsohon babban birnin da girgizar ƙasa ta rusa a 1773, nakan tsaya a gaban kangon coci in ji sanyin tudu mai tsayin kusan mita 1,500, amma hannuna yana kan waya ina duba hasashen yanayi. Mun bar wa wani mai gadi amanar buɗe tagogi da duba famfon da ke kwashe ruwa daga cikin jirgi. Duk ranar Asabar yakan aiko hoto, mu ƙura ido mu ga ko layin ruwan da ke jikin jirgin yana nan inda muka bar shi.