Injiniyan Da Ya Baro Ƙarfen Jirgi Ya Koma Kan Sankara

Duk baƙon da ya sauka Alaba Rago ta Ikko da motar raguna, in bai san sunan fatomansa ba, to, sai ya ƙwanƙwasa ƙofofi da yawa kafin ya sami masauki. Haka maganin sankara yake yi a jikin ɗan Adam. Matan unguwar da suka sha zirga-zirga zuwa Asibitin Koyarwa na Idi-Araba sun san wannan sarai: a ɗura magani, ya bi jini bai san gidan da aka aike shi ba, ya taɓa naman da ya kamu da wanda bai kamu ba, gashi ya zube, amai ya hana cin abinci.

Wannan ɓatan kai na magani shi ne Shehun Malami Wole Soboyejo ya sa a gaba. Shi kuwa ba likita ba ne, injiniya ne. An haife shi a Amurka cikin 1964, ya sami digirinsa na uku a Kambirij ta Ingila cikin 1988, sa'an nan ya shiga kamfanin jiragen sama na McDonnell Douglas yana binciken yadda ƙarfe ke gajiya ya tsage. Bayan ya koma Jami'ar Princeton cikin 1999 sai ya duƙufa kan sankarar mama.

Dabararsa ita ce a samo ƙwayoyin tsatsar ƙarfe ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera dubbai kafin su kai kaurin silin gashi, a liƙa musu wani sinadarin jiki mai suna LHRH. Ƙwayoyin sankarar mama suna da ƙofofin karɓar wannan sinadari fiye da lafiyayyen nama, saboda haka shi ne ke zama sunan fatoma. In suka taru a wurin sai ƙarin ya fito fili a hoton na'urar MRI. Haka kuma ana iya liƙa wa magani kansa wannan alama.

Abin yabo shi ne bai bar aikin a ƙetare ba. Ya shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja daga 2012 zuwa 2014, ɗalibai 'yan ƙasa kuma suka sa hannu, musamman kan wata muguwar sankarar mama mai wuyar magani wadda ta yawaita ga matan Afirka ta Yamma.

Sai dai fa nasarorin da suka bayyana a kan ɓeraye aka same su. Tsakanin ɓera da mutum kuwa akwai shekarun gwaji da kuɗi masu yawa, ita kuwa matar Alaba Rago gobe da asuba za ta sake neman motar Idi-Araba.