In Duniya Ta Rikice, Ina Za Ka Zauna?

A watan Yulin 2021 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Anglia Ruskin da ke Ingila suka fitar da sakamakon wani nazari mai tayar da hankali. Tambayar da suka yi wa kansu ita ce: a ce al'amuran duniya sun tsaya cik, jiragen ruwa sun daina kawo kaya, bankuna sun rufe, mai ya yanke, gwamnatoci sun kasa riƙe jama'arsu, mutanen wace ƙasa ce za su fi jurewa? Niyu Zilan ce ta zo ta ɗaya. Sauran huɗun da suka shiga sahun gaba su ne Aisilan da Birtaniya da Ailan da tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya. Abubuwa uku suka auna: ko ƙasa za ta iya noma abin da zai ciyar da mutanenta, ko za ta iya samar wa kanta wutar lantarki, da kuma ko tana da nisa da tururuwar masu gudun hijira. Duk wuraren nan biyar teku ne ya kewaye su. Niyu Zilan kuwa ga ƙasar noma mai yalwa, ga lantarki daga madatsun ruwa da tururin ƙarƙashin ƙasa, ga mutanenta ba su fi miliyan 5 da 'yan kai ba.

Tun kafin wannan nazari wasu attajiran Amurka sun riga sun yi nasu lissafin. Peter Thiel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin PayPal, ya samu takardar zama ɗan ƙasar Niyu Zilan a 2011, alhali kwana 12 kacal ya yi a can cikin shekara biyar kafin nan. A 2015 ya sayi fili mai faɗin hekta 193 a gefen tafkin Wanaka. Masu kuɗi daga waje suka yi ta sayen gidaje, farashi ya yi ta hawa, har a 2018 majalisar ƙasar ta hana yawancin baƙi sayen gidajen da aka riga aka gina. Waɗanda aljihunsu bai kai nan ba suna da nasu tsarin a cikin Amurka. A jihar Dakota ta Kudu akwai wani tsohon sansanin ajiye makaman soja mai ɗakunan kankare 575 da aka lulluɓe da ƙasa. Wani kamfani mai suna Vivos ya mayar da su maɓoya, yana ba mutane haya su tara abincin gwangwani da ruwa da magani, suna jiran ranar da komai zai wargaje.

Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, kuma duk shekara ina kawo wannan batu a aji idan muka zo darasin yadda garuruwa ke kafuwa. Ɗalibaina sukan fashe da dariya, wani ya ce ai wanda ya ƙoshi ne yake da lokacin tunanin tashin duniya. Ina barin su su gama dariyar, amma ni ba na yi. Tambayar attajiran nan tambaya ce ta masu hankali, kuma kakanninmu sun yi ta tun kafin a san da Amurka a wannan sashe na duniya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dubi birnin Kano. Tarihi ya nuna an fara gina ganuwarsa a zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya shiga birnin a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Ragowar gonaki ne da lambuna. Me zai sa mutane su sha wahalar zagaye fili mai faɗi haka da katangar ƙasa? Domin ranar da abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya. A rufe ƙofofi, mutanen ƙauyukan kewaye su shigo da dabbobinsu, a ci gaba da noma a ciki, a sha ruwan rijiyoyi da na Jakara, a hau Dala da Goron Dutse a hango mai zuwa. Abinci, ruwa, tsaro: kusan ma'aunin masu binciken Ingila ke nan.

Sai dai akwai bambanci guda, kuma a kansa nake so ku tsaya. Ganuwa an gina ta ne da hannun jama'a, don jama'a su shiga. A cikinta akwai maƙeri da majemi da marini da ungozoma da mai ɗorin karaya da liman. Maɓoyar attajiri kuwa an yi ta ne don ya shiga da iyalinsa ya kulle sauran mutane a waje. Wani marubuci Ba'amurke, Douglas Rushkoff, ya ba da labarin yadda wasu manyan masu kuɗi biyar suka gayyace shi, suka biya shi kuɗi mai tsoka don ya ba su shawara. Sun tambaye shi tsakanin Niyu Zilan da Alaska ina ya fi. Amma tambayar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya ita ce yadda za su hana masu gadinsu juya musu baya ranar da kuɗi ya zama takarda kawai. Shawarar da ya ba su ita ce su kyautata wa mutanen nan tun yanzu. Duk wata kaka a unguwarmu za ta ba su wannan amsa kyauta.

Niyu Zilan ɗin ma tana da nata rauni. A 2022 aka rufe matatar manta guda ɗaya tilo, yanzu man da motocinta da taraktocinta ke sha ta teku yake zuwa. In jiragen ruwa sun tsaya, da me za a yi huɗa? Tana kuma kan hanyar girgizar ƙasa: wadda aka yi a birnin Christchurch a 2011 ta kashe mutum 185. Taswira tana nuna tsaunuka da koguna, amma ba ta nuna abin da zai faru gobe.

In kuna son ganin yadda gari ke rushewa da gaske, ba sai kun kalli fim ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 mutanen Khartum, babban birnin Sudan, suka wayi gari da ƙarar bindigogi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Cikin 'yan kwanaki ruwan famfo ya ɗauke a unguwanni da dama, bankuna suka rufe, asibitoci suka daina aiki. Har ɗalibanmu na Najeriya da ke karatu a can sai da aka kwaso su da motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan. Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hausawa masu yawa suna zaune a cikinta, zuriyar alhazan ƙafa da kuma mutanen da suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Maiwurno kusa da Sennar.

Dubban ɗaruruwan mutanen Khartum sun zaɓi gudu zuwa jihar Jazira da babban birninta Wad Madani. A takarda, zaɓinsu ba shi da aibi. Garin yana bakin kogin Nilu, a tsakiyar babban aikin noman rani da ake yi tun 1925, rumbun abincin ƙasar baki ɗaya. Ga ruwa, ga hatsi, ga nisa da fagen daga. Wata takwas aka yi, a Disambar 2023 dakarun RSF suka shiga Wad Madani. Mutanen da suka gudo suka sake ɗaukar 'ya'yansu suka kama hanya a karo na biyu.

To me ya riƙe ran waɗanda ba su samu fita ba? A unguwannin Khartum da Omdurman matasa ne, wasunsu ba su girme ku da yawa ba, suka haɗa kwamitocin agajin gaggawa. Suka buɗe wuraren dafa abinci na kowa da kowa da ake kira takaya, mai wake ya kawo, mai itace ya kawo, 'yan uwa na ƙasashen waje su turo kuɗi ta waya. Suka nemo likitoci da masu jinya da ke maƙale a gidajensu, suka gyara famfunan ruwa. Suna danganta aikin nasu da wata tsohuwar al'ada tasu mai suna nafir, wato a taru a yi wa mutum ɗaya aiki, gobe a koma gonar wani. Mu gayya muke ce mata.

Ni kaina na ɗan ɗanɗana abin, ko da yake nawa bai kai ya kawo ba in aka kwatanta da nasu. Kun tuna ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a asusu amma ba shi da na sayen tattasai. Ina zaune a tsohuwar unguwarmu, gida biyu tsakanina da mahaifiyata. Mai shagon lungunmu ya fito da wani littafi mai bangon kwali ya ce da ni, "Malam, ɗauki abin da za ka ɗauka, in gari ya yi daɗi ka kawo." Mai garuwa ma haka, mako uku yana zuba mana ruwa yana ja wa bango layi da gawayi. Ba don ina da albashi suka yarda da ni ba. Mahaifiyata ce ta yi wa matar mai shagon wankan jego, kuma ni na koya wa ƙanen mai garuwan karatu da daddare.

Wani abokin aikina kuwa yana zaune a sabuwar unguwa can bayan gari, cikin gida mai doguwar katanga da waya mai ƙaya da rijiyar burtsatse tasa ta kansa. Kowa ya ga gidan sai ya ce wannan ya gama shiri. Amma rijiyar sai da wuta take aiki, janareta sai da mai, mai kuma sai da tsabar kuɗi. Shekara biyu yana wurin bai san sunan mai kayan miyan bakin titinsu ba, ita ma ba ta san nasa ba, don haka ba ta da dalilin ba shi bashi. Ranar wata Asabar ya zo gidanmu a kan babur, mahaifiyata ta auna masa gero da wake daga buhunta, ta ɗora masa kuka da daddawa, ta ce, "Kai wa yarana, kada in ji ka ce komai."

Kada ku ɗauka ina cewa kowa ya tattara ya koma ƙauye. Masu shirin ko-ta-kwana na Amurka sukan ba da shawarar a yi nesa da mutane, a samu gona can cikin daji inda babu maƙwabci. A ƙasarmu wannan shawara tana iya kai mutum ga halaka. Ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa suna da rumbuna da rijiyoyi da shanu, kuma nisansu da jama'a ne ya sa aka fi samun su da sauƙi. Tun daga 2019 dubban mutanen yankin suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Da yawansu a gidajen mutanen ƙauyukan can aka fara sauke su, domin harshe ɗaya ne, kuma akwai auratayya da cinikayya tsakaninsu tun kafin a ja iyaka. Zumuncin da aka riƙe shekara da shekaru shi ya zama masauki.

Nan da 'yan shekaru kaɗan ku ma za ku fara zaɓe: garin da za ku yi karatu, unguwar da za ku kama haya, inda za ku sayi fili in Allah ya hore. Za a ce muku ku duba titi da wuta da kusanci da wurin aiki, kuma duk gaskiya ne. Ni dai ina roƙon ku ƙara wasu tambayoyi huɗu, waɗanda nake ba ɗalibaina a matsayin aikin gida, kuma za ku iya gwada su a kan gidan da kuke ciki yau.

Ta farko, daga ina ruwanku yake zuwa, kuma in wuta ta ɗauke mako biyu, ina rijiyar da ake ja da guga mafi kusa da ku? Ta biyu, abincin da ke cikin gidanku yanzu kwana nawa zai kai ku, kuma daga wace kasuwa ko wace gona ya fito? Ta uku, gida nawa ne a layinku kuka san sunan mai gidan da na uwargida, suka san naku, har za ku iya ƙwanƙwasa musu ƙofa da ƙarfe biyun dare? Ta huɗu, in dole ta sa ku bar garin gobe, wane gari za ku nufa, wa zai sauke ku a can, kuma yaushe rabon da ku gaishe shi?

Akwai ta biyar da nake ƙarawa ga 'yan ajin ƙarshe: wane aiki hannunku ya iya wanda maƙwabci zai buƙata ko da babu banki babu intanet? Ɗinki, gyaran famfo, haɗa wutar sola, ɗaure rauni, kiwon kaji, koyar da yara. Fili ba ya shiga jaka, sana'a kuwa tare da mai ita take tafiya.

A cikin amsoshin da nake karɓa, ta huɗu ce ta fi zuwa babu komai a ƙarƙashinta. Yawancin ɗalibai suna da goggo ko kawu a wani gari, amma ba su da lambarsa, wasu ma ba su taɓa taka ƙofar gidansa ba. In kai ma haka ne, ko ke ma, ku tambayi Baba ko Umma lambar a daren yau, ku kira ku yi gaisuwa. In hutu ya zo kuma ku roƙi a bar ku ku je ku kwana biyu, ku san hanyar da ƙafarku.